Kunun Yaro Da Garin Tsiro

Yau maganarmu a kan kunun yara ce, watau yaron da ya cika wata 6, aka fara ba shi wani abu bayan nono.

Ku gutsuri tuwo ku yi ta taunawa, kada ku haɗiye. Jim kaɗan za ku ji ɗan zaƙi a baki, alhali ba wanda ya sa sukari. Dalili kuwa, cikin yawu akwai wani ma'aikaci wanda ido ba ya gani, likitoci suna ce da shi enzayim. Hatsi yawancinsa sitaci ne, sitaci kuwa kamar dogon carbi yake, kowace ƙwaya sukari ce. Aikin wannan ma'aikaci shi ne ya yi ta tsinka carbin gutsi-gutsi, har jiki ya iya amfani da shi. Irinsu dubbai ne a jikin mutum, kowane da nasa aiki. Mai tsinka sitaci ba ruwansa da nama.

To, hatsi ma yana yin irin wannan enzayim sa'ad da ya fara tsiro. Daga tsiron sha'ir ne wasu masana biyu a Faransa suka fara ware shi a 1833.

Ga inda abin ya shafe ku. Kunu mai kauri yaro ba ya iya haɗiye shi, sai uwa ta tsinka shi da ruwa. Cikin yaro kuwa ɗan ƙarami ne. Ya sha ya ƙoshi, amma rabin ƙoshin ruwa ne, uwa tana murna, yaro yana ramewa.

Sai ku jiƙa gero ya kwana, ku baza a tabarma, ku rufe da jiƙaƙƙen buhu mai tsabta kwana 2 ko 3 har ya tsira. Ku shanya a rana ya bushe ƙayau, ku murje tsiron da saiwar ku sheƙe su sarai, sa'an nan ku niƙa. Kada ku yi sakaci da murjewar nan, balle in dawa ce, gama tsiron dawa yana da dafi. Makiyaya sun san abin da gyauro ke yi wa saniya. In ya yi fumfuna, a zubar.

A dama kunu da kauri sosai. A sauke, a bari ya ɗan huce, a zuba garin nan ƙaramin cokali ɗaya a kofi guda, a motsa. Kuna kallo zai saki ya tsinke, ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba. Kada a zuba yana tafasa, domin enzayim furotin ne, zafi mai yawa yana lalata shi kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a wuta. Bayan ya tsinke a mai da shi wuta ya sake tafasa.

Amma garin tsiro ba ya gina jiki. Da furotin jiki ke ƙera tsoka da jini da su enzayim ɗin kansu, na hatsi kaɗai kuwa ba ya isar yaro. A haɗa da tunkuza, ko garin wake dafaffe, ko ƙwai, ko dakakken kifi, a ci gaba da ba shi nono har shekara 2. In kun ga ƙafafunsa sun kumbura, kun danna da yatsa wurin ya lotsa, gashinsa ya yi ja, ku kawo shi wurin dispensa ran nan, kada ku jira ranar kasuwa.