Daga Matakalar Jirgin Ruwa zuwa Tashar Damagaram



Mutumin Damagaram da ya ji za a yi lacca kan jirgin ruwa yana iya murmushi, don daga garinsa zuwa bakin teku sai an ci fiye da kilomita 1,000 a mota. Amma kakanninsa sun san jirgin. Alhazan dā suna fita da ƙafa da jakuna, su ratsa Cadi da Sudan, wasu su shekara suna ƙwadago a hanya, kafin su kai Sawakin su hau ruwa zuwa Jidda. A wancan zamani gurgu da tsoho mai ciwon gwiwa galibi a gida suke saura, sai dai su yi wa masu tafiya addu'a.

A yau akwai manyan jiragen shaƙatawa masu ɗaukar dubban mutane, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci hawa bisa hawa. Sai dai jirgi gini ne da aka yi don tsoron ruwa. Ƙofofinsa suna da dokin ƙofa mai tudu don kada ruwa ya kwararo, kuma wannan tudun ne ke tsayar da keken guragu cak. Lungunansa matsattsu ne. Inda tasha ba ta da zurfi, jirgin yakan tsaya nesa, a kwashi fasinja a ƙananan kwale-kwale masu rawa bisa igiyar ruwa, sai mai keke ya ƙare da kallon gari daga bene. Kurma kuwa nasa haɗarin ya fi muni: gargaɗin gobara da jiniya ake yin sa, sanarwa kuma da lasifika.

Gyara bai zo don tausayi ba. Amurka ta kafa dokar kare naƙasassu a 1990, amma kamfanonin jiragen suka ce ba ta hau kansu ba, tunda tutar wasu ƙasashe suke ɗagawa. Wani fasinja mai suna Douglas Spector da abokansa suka kai ƙarar kamfanin Norwegian Cruise Line, wanda jiragensa ke da rajistar Bahamas, suna kukan ana cajinsu kuɗi fiye da sauran mutane. A watan Yuni na 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dokar tana aiki a kan irin waɗannan jirage muddin suna cikin ruwan ƙasar. Tarayyar Turai ta biyo baya da ƙa'idarta ta 2010, wadda ta hana a ƙi sayar wa mutum tikiti don naƙasarsa sai da hujjar tsaro. Ta kuma wajabta a taimaka masa kyauta a tasha idan ya sanar awa 48 kafin tafiya, a biya shi idan an lalata masa keke.

Shi ya sa sabbin jirage suke da ɗakuna masu faɗin ƙofa da makewayi marar tudu. Kurma yana iya neman fitila mai walƙiya idan an ƙwanƙwasa masa ƙofa, da na'urar da ke girgiza matashin kai ta tashe shi daga barci.

To, ina ruwan Damagaram? Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma sashe na 9 nata ya ambaci sufuri ƙarara. Jirgin ruwan mutumin Zinder, wato Damagaram, shi ne kar, babbar motar fasinja da ke kai shi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, yini guda cur. Matakalarsa tana da tsawo, sai an ciccibi gurgu kamar buhun gero, kekensa kuma ya tafi cikin kaya. Idan an tsaya salla a Maraɗi ko Ƙonni, yaron mota da baki yake kiran tashi, kurman da ya juya baya yana alwala bai san an kira ba.

Ga shi kuwa ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin sarauta ana naɗa sarkin makafi da sarkin guragu, su tsaya wa jama'arsu a gaban fada. Kurame suna da harshensu, maganar hannu, wanda masaniya Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a 2000. Alhazan bana kuma sun ga tsofaffi suna ɗawafi da safa da marwa a kan keke a Harami, babu wanda ya ce aikinsu ya ragu.

Abin da ake nema a tashoshin Zinder bai kai kuɗin taya ɗaya ba: katako mai gangara a bakin ƙofar kar, kujerun gaba biyu da za a ware, allo mai nuna lokacin tashi da alli, da ma'aikaci guda da ya iya gaisuwa da lissafin kuɗi da hannu. Masu motoci su zauna da shugabannin guragu da na kurame tun kafin a auna katakon, don mai keken ne zai faɗi ko gangarar ta yi tsaye da yawa.