Jawabin Taron Shekara: Batun Filin Ƙwallon Kwando

Shugaban taro, malamanmu iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa.

An ba ni minti goma in kare shawarar da na kawo ta gina filin ƙwallon kwando a makarantarmu. Na ji wasu na cewa wasan 'yan birni ne, me ya haɗa shi da ɗan manomi a Makoɗa? To, ku ba ni aron kunnuwanku.

A ƙarshen shekarun 1970, wani dogon yaro daga Legas, mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa kuma ɗan wasan ƙwallon hannu, ya zo gasar makarantu a Sakkwato, aka sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Sunansa Hakeem Olajuwon. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka.

A kakar 1982 zuwa 1983, ƙungiyar jami'ar, a hannun kociya Guy Lewis, ta ci wasa 26 a jere. Da aka shiga gasar jami'o'in ƙasar, wadda duk wanda aka ci sau ɗaya ya koma gida, suka yi ta wucewa, har suka doke Louisville da maki 94 da 81 a wasan kusa da na ƙarshe. Kowa ya ɗauka kofi ya zama nasu.

Ranar 4 ga Afrilu 1983 suka haɗu da Jami'ar Jihar North Carolina, wadda aka ci sau 10 a kakar. Houston na baya da maki 8 aka tafi hutu, suka dawo suka wuce gaba. Sai kociya ya ce a rage gudu, a ci lokaci. A ganina nan ya yi kuskure, don da gudu aka san su. Abokan karawar kuwa sun lura yaran ba su ƙware a jifar da ake bayarwa in an yi wa mutum ƙeta ba, sai suka riƙa yi musu ƙetar da gangan, su kuma suna zubarwa. Ana 52 da 52, saura daƙiƙoƙi, wani ya yi jifa daga nesa, ƙwallo ta kasa kaiwa, Lorenzo Charles ya cafe ta ya zura. An tashi 54 da 52. Duk da haka Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 ma sun kai wasan ƙarshe, Georgetown ta cinye su.

In kun ce Legas da nisa, ga Zariya. Can Masai Ujiri ya tashi, ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.

Ba na yi muku alkawarin za mu fitar da wani Olajuwon. Amma kun tuna dogayen ajinmu da muke tsokana da “falwaya”? Ba wanda ya taɓa miƙa musu ƙwallo, ni ma dariya kawai na yi musu. Irinsu na nan a aji ɗaya yau.

Filin ƙwallon ƙafa yana cin kusan gona guda, kuma kun san tsadar ƙasa a wajenmu. Wannan kuwa mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, sai siminti, ƙarfe biyu da zobe biyu. Bayan ɗakin gwaje-gwaje ma ya isa.

Shugaba, ina roƙon a kaɗa ƙuri'a kafin a tashi sallar la'asar. Ni na ɗauki buhun siminti goma.