Waƙa a Baki, Aiki a Hannu: Shirya Yatsun Yaro Kafin Alƙalami



Kowane malamin aji ɗaya ya san irin yaron da kan zo da kaifin basira da zaƙin baki, amma a miƙa masa fensir sai ya dunƙule shi kamar mai riƙon taɓarya. Nan da nan hannu ya gaji, rubutu ya karkace, a kira shi daƙiƙi. Daga nan yaro kan tsani makaranta, alhali yatsunsa ne kurum ba su sami horo ba.

Ƙarfin hannun yaro daga kafaɗa yake farawa, ya gangaro gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, yatsu su zo daga ƙarshe. Rubutu kuwa aikin yatsu uku ne: babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Galibi ɗan shekara 3 kan iya kwaikwayon da'ira, ɗan shekara 4 ya bi layi da almakashi, ɗan shekara 5 ya zana mai kusurwa uku. Wanda aka tsallake da shi waɗannan matakai shi ke shan wahala a aji.

Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai an karantar da mu labarin Furobel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan lambun yara a 1840, ya kuma wallafa waƙoƙin wasan yatsu domin iyaye mata a 1844. To, ƙasarmu ma ta san sirrin koyarwa da waƙa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta ilimantar da matan karkara ta hannun jajinta na 'Yan Taru. Hikimar ɗaya ce: abin da aka rera ya fi zama a zuciya, amon waƙa kuma kan sa a maimaita aiki ba tare da gundura ba.

Ga yadda za a haɗa waƙa da aiki. Idan waƙar reno ta ambaci saniya ko raƙumi, a ba yaro yumɓu ya mulmula, ya ja ƙafafu da ƙaho yana rerawa; fadamun gulbin Rima daga Goronyo zuwa Wurno ba su rasa yumɓu. Waƙar ƙidaya a bi ta da zura gutsattsarin totuwar kara a zare, kowane baiti ɗaya. 'Yan mata in sun gama gaɗa, su zauna su yi kitson kaba mai tufka uku, ko su ɗinka wa 'yar tsana zane da tsumma. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a kammala ta da ƙera Gizo da kara, yaro ya soka masa ƙafafu takwas yana ƙirgawa. Carafke ma horo ce babba ga ido da yatsu. Sai dai a kiyaye: kada a bar wa wanda bai kai shekara 3 ba ƙananan ƙwayoyi ko tsakuwa, reza da wuƙa kuma su tsaya a hannun manya.

A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta haɗa da kula da yara kafin firamare. Amma doka ba ta kwaɓa yumɓu. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, da alli ya fara a Midil ta Sakkwato kafin ya zama hakimin Rabah a 1934. Gadon da ya dace da mu shi ne kula da tushe.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku. Na farko, ku mazauna birni, ku karɓe waya daga hannun ƙananan yara ko da na rabin sa'a ne kullum, ku zauna ƙasa tare da su. Shafar gilashi da yatsa ɗaya ba ta gina hannu. Na biyu, duk wanda ya zo ganin gida ya naɗi waƙoƙin reno da na gaɗa daga bakin tsofaffi tun suna raye, a tattara a rubuta. Na uku, ƙungiya ta ware wani abu a kasafinta domin almakashi marar tsini da zare da tabarmi ga azuzuwan share fage, tare da bita ga malamansu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.