Shata yana tashi a rediyo, ina kuɗin yake zuwa?

A bakin Dam ɗin Zobe za ka ga masunci yana gyaran koma, rediyo rataye a reshen bishiya, muryar Mamman Shata tana tashi. Shata, ɗan Musawa, ya rasu a 1999, amma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare waƙoƙinsa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Magadansa ke da haƙƙin.

Masuncin ba a binsa komai. Gidan rediyo, otal da zauren biki su ne ke biyan lasisi ga ƙungiyar karɓar kuɗin mawaƙa irin MCSN, wadda hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, ta amince da ita. Ƙungiyar takan cire kuɗin aiki, sannan ta raba sauran gwargwadon yawan saka kowace waƙa.

A nan ne gizo ke saƙar. Rabon yana bin rajista da rubutaccen lissafin abin da aka saka. Makaɗin kalangu a Kurfi da bai taɓa cika takarda ba, ko waƙarsa ta cika wayoyin kasuwar Dutsin-Ma, sunansa ba ya cikin littafin. Abin yana ci mini rai. Wakilan ƙungiyar su zo Katsina da takardun rajista cikin Hausa, su zauna da makaɗan da magadan waɗanda suka rasu.