Kallon Namun Daji a Sansanin Wikki

 

An nemi in yi magana a kan yawon buɗe ido da namun daji. Fagen ya yi mini faɗi, shi ya sa na tsuke shi zuwa wuri ɗaya da yawancinmu muka sani ko da a baki ne, wato sansanin Wikki da ke cikin gandun dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Abin da nake so mu duba shi ne dalilin da zai sa mota cike da mutane ta kwana biyu a Yankari, ta dawo gida ana cewa, "Wallahi ba mu ga komai ba, birai ne kawai."

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga baƙi ranar 1 ga Disamba, 1962. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma wannan adadi shi ne rabin amsar tambayarmu. Wanda ya saba da gidan zu na Audu Bako a Kano ya san inda zaki yake kwana, ya san in ya je gobe a nan zai same shi. A Yankari dabba tana da dajin da za ta yi kwanaki tana tafiya ba ta ga ƙarshensa ba, kuma ba ta yi alkawari da kowa ba. Baƙon da ya biya kuɗin shiga yana ganin ya sayi ganin zaki, tun daga ƙofa ya fara asara.

Na ce tun daga ƙofa, domin daga ƙauyen Mainamaji, inda babbar mashiga take, zuwa Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da ɗoriya, duk a cikin gandu. Direba yana sauri a isa kafin la'asar, fasinja rabi suna barci, rabi suna neman sabis a waya. Alhali a bakin wannan hanya ce jan biri yake tsallakawa da gudu kamar kare, zabin daji suke kiwo garke-garke, wani lokaci ma a ci karo da kashin giwa a tsakiyar titi. A rage gudu, a sauke gilashi, an riga an fara kallo.

To, mu shiga sansanin kansa, don a nan maganata ta fi ƙarfi. Dabbobi biyu ne ba sa ɓuya a Wikki: gwaggon biri da mugun dawa, wanda wasu ke kira gadu. Saboda ba sa ɓuya sai aka raina su. Ni kuwa a ganina duk wanda bai iya kallon waɗannan biyu ba, ko an ajiye masa giwa a gabansa hoto kawai zai ɗauka ya wuce.

Ka idar da sallar asuba, ka jawo kujera ƙofar ɗaki, ka zauna shiru na rabin sa'a. Mugun dawa zai fito kiwo a filin da ke tsakanin ɗakuna. Duba yadda yake cin ciyawa: yakan durƙusa a kan gaɓoɓin ƙafafunsa na gaba, ya riƙa jan jiki a haka yana tsinkar ciyawa da tonon saiwa, domin wuyansa gajere ne. Wurin durƙuson har ya yi kanta. In wani abu ya firgita shi sai ya miƙe, ya ɗaga wutsiya tsaye cak, ya zura da gudu, 'ya'yan suna biye a layi kowanne da tasa wutsiyar a sama. A daji cikin rami yake kwana, kuma babba da baya yake shiga, haƙoransa suna fuskantar ƙofa saboda mai biyo sawu. Wannan dabba ce da Bahaushe ke kawar da kai in ya ganta. Ba a ce ka ci ba, kallo aka ce.

Gwaggon biri kuwa makaranta ce guda. Garken da kake gani ba taron yuyuyu ba ne. Matan a cikin garken aka haife su, a ciki za su mutu, kuma 'ya takan gaji matsayin uwarta. Mazan su ne baƙi, don namiji in ya balaga yakan bar garkensu ya nemi wani. Ka lura da wa ke tsefe gashin wa, wa ke tashi ya ba da wuri in wani ya doso. Jariri sabon haihuwa baƙi ne, yana manne a cikin uwarsa. In ya yi 'yan watanni sai ya koma bayanta ya hau kamar mahayi. Babban namiji in ya yi hamma a gabanka yana nuna fiƙoƙi, ba barci yake ji ba, gargaɗi ne. Kada ka zuba masa ido cikin ido, a wurinsu wannan neman faɗa ne.

Duk wanda ya kwana a Wikki yana da labarin birin da ya fizge masa leda, ko ya tura ƙofar da ba a kulle ba ya kwashe burodi. Akan ba da labarin ana dariya. Amma wa ya koya musu? Mu ne. Yau wani ya jefa ayaba don ya ɗauki hoto, gobe wani ya bar ragowar shinkafa a baranda, jibi biri ya gane cewa leda a hannun mutum abinci ce, kuma mace ko yaro sun fi sauƙin ƙwace. Daga nan sai cizo, dabbar da ta ciji baƙo kuwa ƙarshenta ba ya kyau. Banda haka, birin da ya koma cin kwandon shara ya daina nuna maka yadda biri yake rayuwa, wato ka ɓata abin da ka biya kuɗi ka zo gani. Dokar hana ciyar da dabbobi ba ta rowa ba ce. Ka kulle ƙofa da taga, ka ɓoye abinci a jaka mai zip, ka ja wa yara kunne tun a mota.

Sai maganar lokaci. Ruwan sama a Yankari yakan sauka daga Mayu zuwa Satumba. A wannan tsakani ciyawa ta fi mutum tsawo, kowane kwari da kududdufinsa, dabbobi sun watsu. Daji ya yi kyau, gani ya yi wuya. Da rani ya yi nisa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, itatuwa sun zubar da ganye, ciyawa ta kwanta ko ta ƙone, ruwa ya janye sai kwarin kogin Gaji, wanda maɓuɓɓugai ke shayar da shi duk shekara. Giwa babba tana shan ruwa fiye da lita 100 a rana, ba ta da zaɓi sai ta gangaro. Haka ɓauna, haka gwanki da kanki da gwambaza. Saboda haka lokacin da zafi ya fi gallabar mutum shi ne lokacin da ido ya fi samun rabo. A cikin yini kuma, fitar sassafe da ta bayan la'asar su ne fita. Da rana tsaka kowace dabba mai hankali tana inuwa, ku ma ku nemi taku, ko ku gangara ruwan Wikki.

Wannan ruwa yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, hunturu da bazara. Yawanci ninƙaya kaɗai ke kai mutane. Amma itatuwan da suka lulluɓe bakinsa suna cikin wurare mafi daɗin kallon tsuntsaye a sansanin, in aka je kafin masu hayaniya su farka. An ƙirga tsuntsaye iri fiye da 350 a Yankari, har da baƙi masu zuwa daga Turai su yi hunturu a nan. Ƙaramin madubin hangen nesa ya wadatar. Ku duba sama, za ku ga kirka, wato birin nan mai baƙar fuska da farin gira; ku duba gefen ruwa, wata rana guza na shan hantsi.

Fita cikin daji sai da ɗan jagora, a mota, kuma ba a sauka sai inda ya ce. A nan ne nake da ƙorafi a kan mu baƙi. Mukan hau motar da sifika a hannu, da hira da shewa, wani ma ya fesa turare mai ƙarfi, sannan mu ce daji babu kowa. Kakanninmu mafarauta da suke ɗaura kan burtu a goshi, su rarrafa su kusanci gada, sun san abin da muka manta: dabba ta ji ka tun kafin ka ganta. Giwa idonta ba shi da kaifi, amma hancinta da kunnenta ba a yi musu wayo.

In aka yi shiru, sai daji ya fara ba da labari. Reshen da aka karya daga sama, ɓawon da aka yage a jikin itace, aikin giwa ne. In ganyen bai yi yaushi ba, ba ta yi nisa ba. Kashinta in da danshi ƙudaje na bi, na ɗazu ne. Haushi guda kamar na kare daga cikin kurmi, mazo ne ya ga wani abu. Carki in suka tashi suna kuka, sau da yawa akwai ɓauna ko gwanki a ƙasansu, don kaska suke ci a jikinsu. Ku tambayi ɗan jagora abin da ya gani a ƙasa ya sa ya tsayar da direba. Su mutanen nan sun gaji da tambaya ɗaya tal, "Ina zaki?", wanda ya yi musu wata daban yakan sha mamakin abin da ke cikin kansu. Af, kada in manta, akwai ƙudan tsando a kwarin Gaji, kuma baƙin kaya da shuɗi ke jawo shi. Ku sa riga mai dogon hannu mai launin ƙasa.

Game da zakin, gara a faɗa muku gaskiya. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya kusan 400 ne, mafi yawansu a dazuzzukan da ke kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso. Na Nijeriya ba su kai 50 ba, a raba tsakanin Kainji da Yankari. 'Yan tsiraru a cikin daji mai wannan faɗi, masu barci da rana, ganinsu sai mai tsananin rabo. Raƙumin dawa ma ya ƙare a Yankari. Mai son ganinsa sai ya je gandun Sumu, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya, ko ya tsallaka Kure a Nijar. Giwayen Yankari ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma suna cikin garkuna mafi girma da suka rage wa ƙasar nan. Giwa wata 22 take goyon ciki, don haka garken da farauta ta rage ba ya farfaɗowa a shekara biyar. In kun shiga ɗan gidan adana kayan tarihi na sansanin, ku tsaya a gaban tarkuna da makaman da aka ƙwace daga hannun masu farautar sata. Akwai ma'aikatan gandu da suka rasa rayukansu a wannan aiki. A ɗaya gefen kuma akwai manomi a bakin gandu wanda giwa ke iya cinye masa gonar shekara a dare ɗaya. Mai kallo daga saman mota ya kamata ya san duka biyun.

Zan ƙare da iyayenmu malamai masu kai ɗalibai. Tafiyar da za a tashi da hantsi, a isa da azahar, a yi wanka a juyo, an kai yara ruwa ne, ba a kai su daji ba. A yi ƙoƙari a kwana, ko da dare ɗaya ne, a kama motar sassafe tun da yamma, a raba yara ƙungiya-ƙungiya kada su wuce abin da ɗan jagora ɗaya zai iya yi wa magana ba tare da ɗaga murya ba. Kowane yaro a ba shi littafi da biro ya rubuta abin da ya gani, da ƙarfe nawa, a ina, guda nawa, yana me. Na farko a shafin ya zama mugun dawan da ke ƙofar ɗakinsa. Makarantar da ta adana waɗannan littattafai, masu zuwa baɗi za su sami abin kwatantawa da abin da idonsu ya gani.