Jawabi ga makiyaya: 'ya'yanmu su koyi kwamfuta



Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar mana da 'yancin yawo da dabbobinmu a Nijar. Amma yau taswirar burtali, takardun rijiya da farashin kasuwar Abalak ko Dakoro, cikin kwamfuta ake ajiye su. In 'ya'yanmu ba su iya ta ba, wasu ne za su riƙa shata mana iyaka ba mu sani ba.

Muna roƙon hukuma ta sa wa lakwal ɗin makiyaya wutar sola, kwamfuta da malami. Mu iyaye kuma, mu bar yara maza da mata cikin aji ko garke ya tashi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.