YARO MAI BAIWA AMANA NE, A NEMO SHI TUN YANA ƘAUYE

Wannan jawabi ne da wani tsohon malamin makaranta ya gabatar wa matasa a ƙasar Dawakin Tofa. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyara kaɗan. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Manzon tsira (S), 'yan uwa matasa, maganar da aka ce in yi muku yau ta yara masu baiwa ce, wato yaran nan da Allah Ya ba su kaifin ƙwaƙwalwa fiye da tsaransu, da abin da hukuma ta tanadar musu, da yadda ya kamata a koyar da su.

Bari in fara da gona, tunda ita duk muka sani. Ka tashi daga nan Dawakin Tofa, ka bi ta Bichi, ka zago Dambatta, ka sauko Minjibir da Ungogo, da wuya ka ga daji. Gona ce ke jikin gona. Da taki da jaki kakanninmu suka riƙe ƙasar nan, kowace damina ana nomanta ba hutu. To amma gonar da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'yansa sun raba, jikoki ma sun sake rabawa, yau kowa ya tashi da 'yan kunyoyi. Ƙasa ba ta ƙaruwa, mu ne muke ƙaruwa. Saboda haka duk garin da ya bar yaronsa mai baiwa ya lalace, ya yi asarar da ta fi ta damina guda.

ABIN DA HUKUMA TA YI

Ba za mu ce ba a taɓa yin komai ba. A shekarar 1977, zamanin gwamnan soja Kanar Sani Bello, gwamnatin Jihar Kano ta duba ta ga jihar ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, sai ta kafa hukuma ta musamman ta makarantun sakandare na kimiyya, ta buɗe guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a nan Dawakin Tofa. Tsarin shi ne a yi wa yara jarrabawa bayan sun gama aji biyu na sakandare, a tsinto haziƙan cikinsu, a tara su wuri ɗaya a makarantar kwana, a ba su ɗakunan gwaje-gwaje da ƙwararrun malamai. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, daga baya aka ƙara ta maza a Kafin Hausa, su biyun kuma sun faɗa Jigawa da aka ƙirƙiro ta a 1991. Da aka koma tsarin 6-3-3-4, sai ɗaukar ta koma bayan aji uku na ƙaramar sakandare. A lokacin an sami masu cewa wannan wariya ce, don me za a fifita wasu yara a kan wasu? To amma yau ka shiga asibitoci da jami'o'in Kano ka tambayi manyan likitoci da malaman kimiyya inda suka yi sakandare, za ka sha jin sunan Dawaki.

Ita ma gwamnatin tarayya, tun a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci yara masu baiwa cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman. Zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi aka tsara shirin nemo su, har aka buɗe makarantar Suleja a 1990, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya. Maƙwabtanmu na Jigawa su ma sun gina tasu a Bamaina zamanin gwamna Sule Lamido.

INDA GIZO KE SAƘAR

To 'yan uwa, ku lura da abu ɗaya. Duk waɗannan makarantu ƙofa ce, kuma ƙofa ba ta zuwa wajen mutum, shi ne yake zuwa wajenta. Kafin yaron ƙauye ya tsaya a bakin ƙofar Dawakin Tofa, sai ya yi shekara 6 a firamare, ya yi 3 a ƙaramar sakandare. A cikin shekaru 9 ɗin nan ake rasa shi. Damina ta faɗi, an cire shi daga aji ya tafi noma. Kaka ta yi, an tura shi dako a Dawanau. Rani ya yi, ya bi yayyensa cirani. Yarinya kuwa an ɗora mata talla. In ma ya daure ya kai ranar jarrabawa, da Turanci za a tambaye shi, ya zauna gefen ɗan birni wanda tun yana ƙarami ake masa darasi a gida. Sau da yawa harshe ne yake kayar da yaronmu, alhali lissafin yana kansa.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. Ƙasar Indiya, a tsarin iliminta na 1986, ta fara gina makarantun kwana na haziƙai, kusan kowace gunduma guda, ta ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na guraben na 'ya'yan karkara ne, kuma tun daga aji shida ake ɗaukarsu. Ka ga sun matso da ƙofar kusa da ƙauye, sun kuma buɗe ta da wuri. Wannan shi ne irin abin da ya kamata mu riƙa nema daga masu mulki, musamman tunda gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

DARASIN ALLO

Dangane da yadda za a koyar da irin wannan yaro, ba sai mun je nesa ba. Ku tuna tsangaya. Yara hamsin a gaban alaramma ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda yake. Wanda ya iya karatunsa yau, yau za a wanke masa allo a rubuta masa na gaba, ba a ce ya jira ɗan uwansa. Da haka kolo yake zama titibiri, titibiri ya zama gardi, har a sami wanda ya zama gwani. Ita ma musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, daga ƙananan hukumomi ake faro ta, a hau jiha, a hau ƙasa. Shi ya sa ake samun ɗan ƙauye ya yi zarra.

A ajin boko kuwa me ke faruwa? Allo ɗaya ne a bango, kowa shi yake kallo. Yaro ya gama aikinsa cikin minti biyar, sauran sai sun yi rabin awa. Me zai yi da ragowar lokacin? Sai surutu, sai tsokana, sai bulala. In malam ya ji tausayinsa, ya naɗa shi monita ya riƙa rubuta sunayen masu surutu. Shi ke nan, an kashe masa gwiwa.

Masana ilimi sun yi magana a kan hanyoyi uku, kuma duk mai yiwuwa ne a ƙauye. Ta farko, a wuce da shi gaba: in ya fi ƙarfin lissafin aji huɗu, a bar shi ya zauna da 'yan aji biyar a wannan darasin. Ta biyu, a zurfafa masa. Maimakon a ƙara masa tambaya ashirin irin waɗanda ya riga ya iya, a ba shi guda ɗaya mai sa tunani. Alal misali, in ana koyar da kashe-kashen lamba, a ba shi gona ya raba wa magada, ga mai sumuni, ga mai sudusi, ga sauran. Kada ku raina wannan, domin Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, babban sashe na littafin nan lissafin gado da wasiyya ne. Ta uku, a haɗa shi da ire-irensa ko da sau ɗaya a mako, don ya san akwai waɗanda suka fi shi, girman kai ya sauka, himma ta tashi.

AIKINKU

Yanzu me ya rage a kanku? Da yawanku kun gama sakandare, wasu suna koyarwa a Islamiyya, wasu suna kwalejin ilimi. Ku ne idon garin.

Da farko ku gane yaron. Ba lallai ne ya zama mai zuwa na ɗaya ba. Ku duba mai yawan tambaya har ya gundure ku, da mai yi wa babansa lissafin buhuna a ka kafin a ciro waya, da mai kwance tocila ya mayar, da yarinyar da ke haddace karatu daga ji biyu.

Na biyu, ku je wajen iyayensa da ladabi. Wani uban talauci ne ya sa ya cire ɗansa, wani kuma tsoron baki ne ya sa ba ya son a san ɗansa haziƙi ne. Kada ku je da faɗa. Ku ce, Baba, in ranar noma ce, mu za mu zo gayya, a bar yaron nan ya je aji.

Na uku, ku buɗe darasin yamma, ku ba Turanci da lissafi ƙarfi, ku nemo tsofaffin takardun jarrabawa daga waɗanda suka riga suka shiga. Ku riƙa bibiyar lokacin da ake sayar da fom, ku yi karo-karo, ku raka yaron har wurin jarrabawa. Kuma kada ku manta da ƙannenku mata.

Na ƙarshe, ku koya masa cewa baiwa ba wayonsa ba ce, amana ce da za a tambaye shi a kanta. Likitan da ya manta hanyar garinsu bai amfane mu ba. Kowannenku ya tashi daga nan da sunan yaro ɗaya a zuciyarsa, gobe ya je ya gaida mahaifinsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.